Taku Huɗu Gaba

Ƙarfe biyun dare a Novi Sad,
kogin Danub na tafe da ƙanƙara a gadon bayansa,
ni da allon da ke tuƙa famfon ruwan unguwarmu
mun yi cirko-cirko kamar zakaru.
Guntun ƙwaƙwalwar tsoho ne, ya girmi aurena.
An ba shi umarnin rabawa,
ya duba kundinsa bai ga kalmar ba,
ya yi turus.
Haramtaccen umarni, in ji jan rubutu.
Ba laifi ya yi ba, ba a koya masa ba ne.

Ognjen ya ce a jefar, a sayo sabo.
Na ce, da me? Kasafin gunduma ya ƙare tun kaka.
Sai na ɗana tarko daidai inda yake zamewa,
don in ya faɗo, ya faɗo hannuna.

Ga ladabin tarko, yadda na rubuta shi da harshen asambili:
kada ka taɓa komai tukuna.
Kwashe rajistocin nan talatin da ɗaya
ka jera su a tari, kowacce da mazauninta,
kamar mai gyaran agogo da ƙananan kusoshinsa.
Sannan ka tambayi adireshin da aka tsaya,
ka ɗauko bayit huɗun da suka shaƙe shi,
ka feɗe su: wa za a raba, da wa, a ajiye ina?
Ka yi masa lissafin ta doguwar hanya,
ragi bayan ragi,
ka sa amsar a aljihunsa,
ka mayar masa da kayansa cif.

Daren farko na manta abu ɗaya.
Na mayar da shi kan kalmar da ta kayar da shi.
Ya faɗi, na ɗaga, ya faɗi, na ɗaga,
sau dubu cikin ƙiftawar ido,
famfo shiru har gari ya waye.
Ashe ceto bai cika ba
sai an matsar da mai faɗuwa taku huɗu gaba.

Ran Lahadi na haye gada zuwa Petrovaradin gai da Baba.
Zdravko, da ya shekara talatin yana kiran sunayen tashoshi a jirgin ƙasa,
tun da jini ya toshe masa a ka bara
kalmomi ke wasan ɓuya da shi.
Ya miƙa hannu kan tebur: Tijana, ba ni... ba ni...
Ya koma farkon zance, ya sake cijewa a nan,
ya koma, ya cije.
Na san wannan zagaye.
Na karanta idonsa, na karanta miyar waken da ke hucewa,
na sa masa cokali a hannu, ban ambaci sunan abin ba,
na ce, to Baba, sai aka yi yaya da jirgin Subotica?
Ya ɗora daga nan
bai ma san an tare shi ba.

Amma akwai faɗuwar da ba a rufa wa asiri.
Wani sa'in ba baƙuwar kalma ba ce,
tsalle ne ya kauce, na'ura ta afka cikin lambobin awon ruwa
tana karanta su kamar umarni.
In ka ƙaga mata ma'ana a nan, ka yi ƙarya,
ruwa zai bi inda ba a aike shi ba.
Sai dai ka rubuta adireshin, ka kunna jar fitila,
ka rufe famfo, ka tsaya.

Da yamma ya kira ni da sunan Mama,
wadda ta shekara shida a ƙasa,
ya tambaye ni ko yarinyar ta dawo daga makaranta.
Na lalube tarkona kaf, babu layin wannan.
Ban gyara masa ba, ban kuma amsa ba.
Na riƙe hannunsa, cokalin na tsakaninmu,
muka zauna a wannan adireshi
har shayi ya yi sanyi.